Allura Tana Nan, Yadi Ke Tafiya

Litinin, 28 ga Nuwamba, 2022. Ƙanƙara.

Bayan sallar isha'i ɗan yayata ya faɗo zaure da waya a hannu, wai in zo in ga tashin duniya. Na karɓa na duba. Kogin wuta ne ja wur yana gangarowa daga kan dutse cikin dare, sama ta yi jawur kamar ranar da mafarauta suka cinna wa daji wuta. Dutsen Mauna Loa ne a tsibirin Hawai, can tsakiyar Tekun Fasifik, ya fara aman wuta bayan ya yi shekara 38 yana barci, tun 1984. Su a wajensu daren Lahadi ne, mu a nan hantsin yau, daf da lokacin da matasan gari ke cika gidan kallo don wasan Kamaru da Sabiya da aka tashi 3 da 3. Bara war haka da ko labarin ba za mu ji da wuri ba, don layin waya a katse yake a duk yankin nan.

Yaron ya ce, "Kawu, duwatsun nan namu ma za su iya yin haka?"

Na ce masa a'a, ya je ya kwanta. Ya tafi, ni kuma barci ya ƙi zuwa. Shekara nawa ina koyar da labarin ƙasa, ina zana dutse mai aman wuta a allo da hayaƙinsa da komai, amma yau an tambaye ni dutsen da nake gani kullum in na fito masallaci, ban iya cewa komai ba sai a'a.

Talata, 29 ga Nuwamba.

Na ajiye darasin da ke cikin manhaja na ɗauko Hawai, tunda rabin aji sun riga sun ga bidiyon. Na jera duwatsu biyar a kan tebur na ce tsibirai ne. Na kudu maso gabas shi ne mafi faɗi, shi ke da wutar yau, kuma bai cika shekara miliyan 1 da fitowa daga ruwa ba. Oahu, inda Honolulu take, tana tsakanin miliyan 3 da 4. Kauai ta kai miliyan 5. Haka abin ke tafiya, kowane na gaba ya girmi na baya, har Midway mai wajen miliyan 28, sannan jerin ya nutse a ruwa ya ci gaba da tafiya a ƙarƙashin teku har kusa da gabashin Rasha, inda na ƙarshe ya kai wajen miliyan 80. Tsawon layin kusan kilomita 6,000 ne.

Na tambaye su me ya jera su haka kamar 'ya'yan mutum ɗaya, babba a gaba, auta a baya. Shiru. Sai na tuna telan da ke ƙofar makaranta. Na ce wa ya taɓa tsayawa ya kalli keken ɗinki? Allura ba ta zuwa ko'ina, wuri ɗaya take soka, yadi ne ke tafiya, amma in an ɗaga sai a ga layin ɗinki. To can cikin ƙasa, ƙarƙashin teku, akwai wani wuri mai tsananin zafi da ke narka dutse ya turo shi sama. Wurin yana nan daram. Ɓawon ƙasar da ke ɗauke da tekun shi ke jan jiki zuwa arewa maso yamma, kamar tsawon ɗan yatsa a shekara, santimita 7 zuwa 10. Duk inda ya tsaya a kan wutar sai ta huda shi, tsibiri ya fito. Da ya gota, sai wutar ta soki gaba. Wani masani ɗan Kanada, Tuzo Wilson, shi ya fara faɗin wannan a 1963.

Wata ɗaliba, 'yar tela ce ashe, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ai wani lokaci ana juya yadin." Na ce Allah ya yi miki albarka, an juya kuwa. A taswira layin ya karye ya yi gwiwa ya nufi arewa sak, kuma duwatsun gwiwar sun kai shekara miliyan 47. Masana har yau suna ja-in-ja a kan ko yadin ne ya juya ko ita ma allurar ta ɗan gusa.

Abin da ya fi kama hankalinsu shi ne tsibiri ma yana tsufa. Da ya bar kan wuta sai ya huce, ya yi nauyi, ya riƙa nutsewa, ruwan sama da igiyar teku suna cinsa. Ƙwayoyin murjani kuwa suna ta gini a gefensa suna bin haske, har dutsen ya ɓace a bar zoben murjani da tafki a tsakiya. Charles Darwin ya bayyana haka tun 1842, ba tare da ya ga ƙasan teku ba. Kuma an riga an ɗauki cikin ƙanin Hawai: akwai wani dutse da ke tasowa kudu da babban tsibirin, saura wajen mita 1,000 ya leƙo saman ruwa.

An buga ƙararrawa ban kai ga namu duwatsun ba. Na ji daɗi, don ban shirya ba.

Laraba, 30 ga Nuwamba.

Da la'asar na ɗauki guduma na nufi falalen dutsen da mata ke shanya barkono a kai, nan kusa, inda ana jin kiran salla daga gari. Nesa da haka yanzu ba a zuwa don sha'awa. Na fasa ɓalli ɗaya na duba. Ƙwayoyinsa manya ne, ana ganinsu da ido: fari mai sheƙi kamar gilashi, wanda muke kira ƙanƙara, irin da kakanninmu ke ƙyasta wuta da shi; wani mai launin hanta-hanta; da baƙi-baƙi mai walƙiya da ke ɓarewa falle-falle. Amsar yaron tana nan. Narkakken dutsen da ya fito fili yana hucewa ne da sauri, ƙwayoyinsa ba sa samun lokacin girma, sai ya daskare baƙi sumul. Wanda ya maƙale a can ƙasa, kilomita da yawa, a rufe ruf kamar tukunyar da aka binne a toka, shi ke ɗaukar dubban shekaru yana hucewa, ƙwayoyinsa su yi ɓul-ɓul haka. Namu irin na biyun ne. Bai taɓa ganin sama yana da zafi ba. Ya daskare wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da wani tsohon teku ya rufe, manyan ɓangarorin ƙasa biyu suka yi karo, aka yi tsaunuka a nan. Tsaunukan sun zaizaye ƙurmus, mu a kan saiwarsu muke noma.

Ina tsugune wani dattijo mai gona a gefen ya zo ya tsaya a kaina. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, zinari kake nema?" Na ce a'a Baba, shekarun dutsen nake tambaya. Ya yi dariya ya ce shi dai abin da ya sani dutse yana girma. Yana yaro wannan fa ɗin bai wuce shimfiɗar tabarma uku ba, yanzu ga shi ana sussukar dawa a kai. Ban musa masa abin da ya gani ba, don ya gani ɗin. Na dai nuna masa kwazazzabon da ruwa ya yanka a gefen gonarsa, na ce ƙasar ce ke tafiya tana yaye wa dutsen mayafi. Ya daɗe yana kallon kwazazzabon. Ya ce, "Wannan kam ya ci mini kunya huɗu bana."

A hanyar dawowa na wuce wata mota shaƙe da buhunan farar ƙasa. Garin nan an san shi da ita a duk Najeriya, ana kai ta masana'antun fenti da na tangaran da na magani. Ita ma wannan dutsen ne ya ruɓe. Ƙwayar nan mai launin hanta ita ce ruwa ke jiƙawa shekara da shekaru har ta koma gari fari fat.

Alhamis, 1 ga Disamba.

Na kwana ina tonon akwati. Na samo littafin rubutuna na Zariya, gara ta ci gefensa, da wata taswira da malaminmu ya sa muka kwafa da hannu. Da na buɗe ta sai kunya ta kama ni, domin jerin da na je nema har Hawai ga shi nan a ƙasar Hausa, ni da kaina na zana shi na manta.

Ban da tsofaffin duwatsu irin namu, akwai wasu da masana ke kira ƙannensu, masu siffar zobe in an hango su daga sama. A Najeriya kaɗai sun haura 50. Kowane zobe gindin wani ƙaton dutse mai aman wuta ne da ya mutu, zaizaya ta aske kansa. Sun jeru daga arewa zuwa kudu, tafiyar da ta fi kilomita 1,000, kuma shekarunsu na raguwa in ana gangarowa. Na Azbin, arewa da Agadas, sun haura miliyan 400. Na Damagaram da Gure suna wajen miliyan 300. Na Dutse a Jigawa sun ɗan haura 200. Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa ta Kano wajen 170, na Jos wajen 160, sai autansu, Afu a jihar Nasarawa, wajen 140. Wato ayarin Buzaye da ke sauko da gishiri da dabino daga Azbin, su yada zango a Damagaram su shigo Kano, kusan a kan layin ɗinkin nan suke tafiya, daga babban wa zuwa ƙane.

Wutar zobban nan ba irin ta Hawai ba ce. Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwo ta san bambancin. Ruwan dutsen Hawai kamar kunu yake, tsararo, zafinsa ya haura digiri 1,100, yana malala ya yi nisa, shi ya sa Mauna Loa duk da tsawonsa ya haura mita 4,100 siffarsa kamar an kife faifai, kuma mutane kan samu lokacin kwashe kayansu. Na Riruwai kamar talge ne da ya yi kauri, iska ba ta samun hanyar fita sai ta fashe ta yi tsartuwa. Irin wannan in ya tashi toka mai wuta yake watsawa ta rufe ƙasa. Da cikinsa ya zama fanko sai rufin ya rufta, kamar soron da azararsa ta ruɓe, sabon narkakken dutse ya biyo tsagar da ke kewaye ya daskare. Zoben ke nan. A Riruwai da Ningi har yau akwai ragowar tokar da ta zama dutse a cikin ramin da ya rufta.

Sai dai ba zan gaya wa yara cewa lissafin ya fita tsaf kamar na Hawai ba. A farkon shekarun 1970 an yi ta cewa allura ɗaya ce ta ɗinka su duka, Afirka na wucewa a kanta. Daga baya da aka ƙara auna shekarun sai aka ga ɗinkin tsalle yake yi: a yi aiki a wuri ɗaya, a yi shiru na miliyoyin shekaru, a ɓullo can kudu. A yankin Ningi ma layin kwance yake daga gabas zuwa yamma. Shi ya sa da yawa suka koma ga cewa tsofaffin tsagogin da karon nan na miliyan 600 ya bari ne ke buɗewa bi da bi, wuta na bin inda ta sami ƙofa. Ni wannan ya fi kwanta mini. Bangon da ya taɓa tsagewa, ko an yaɓe shi, nan yake sake buɗewa.

Juma'a, 2 ga Disamba.

Bayan an sauko daga masallaci na biya gaida kawuna. Ya ji labarin ina yawo da guduma. Na fara ba shi bayani, da na kai miliyan 600 ya ɗaga hannu. "Tsaya, ɗana. Wa ya ƙirga?"

Tambaya ce ta gaskiya. Na ce Kawu, a ce randa ce mai yoyo, ɗigonta ba ya sauri ba ya jinkiri, an ajiye kwano a ƙarƙashi. In ka zo ka auna ruwan da ya rage a randa da wanda ya taru a kwano, ai za ka faɗi tun yaushe aka cika ta, ko ba ka nan. A cikin dutse akwai sinadarai irin yuraniyom, wanda ake haƙa a Arlit, da ke rikiɗa a hankali su koma dalma, kuma an san saurin rikiɗar: sai an yi shekara biliyan 4 da rabi kafin rabi ya juye. Ana auna na randa, a auna na kwano. Ya ce, "In wani ya sha na kwanon fa?" Na ce shi ya sa ake auna randa fiye da ɗaya, in suka saɓa a san an taɓa. Ya yi shiru, sannan ya ce Allah da ya yi dutsen ba ya gaggawa, mu ne ke yi. Ya sa aka kawo mini fura.

Da dare Kamaru ta ci Burazil ɗaya da nema. Vincent Aboubakar ya jefa ƙwallon a ƙarshen wasa, ya tuɓe riga, aka ba shi jan kati yana dariya. Ihun gidan kallo har cikin ɗakina. Da ɗan yayata ya dawo na ce masa ai faɗan maƙwabta ne. Kafin Tekun Atilantika ya buɗe, shekara miliyan 100 da 'yan kai, ƙahon Burazil a cuse yake cikin kwarin da gaɓar Najeriya da Kamaru take, kuma duwatsun arewa maso gabashin Burazil 'yan uwan namu ne, karo ɗaya ya haife su.

Kamarun ce ma ke da wutar da ta fi kusa da mu. Akwai wani jeri na wajen kilomita 1,600 da rabinsa ke cikin teku: tsibiran Annobon, Sawo Tome, Firinsife da Biyoko, sannan ya hau tudu da Dutsen Kamaru, wanda ya haura mita 4,000 kuma ya yi amai a 1999 da 2000. Reshensa ya shigo mana har tudun Biu a Borno, inda tafkin Tila ke zaune cikin bakin wani mataccen dutse. Wannan jerin ya ƙi bin ƙa'idar tela. Firinsife da ke tsakiya ta girmi sauran tsibiran, tana da wajen miliyan 30, na gabanta da na bayanta duk ƙannenta ne. A cikin jerin nan tafkin Nyos yake, wanda a daren 21 ga Agusta, 1986, ya saki iskar da ta taru a ƙasansa, ta gangara kwari ba ƙara ba wuta, ta kashe mutum sama da 1,700 da dubban shanu, akasari suna barci. Ruwan tafkin in ya ɓalle kogin Katsina-Ala zai biyo, kuma tsoron haka na cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a Taraba.

Asabar, 3 ga Disamba. Faskari.

Ɗaurin auren ɗiyar abokina. Mun fita da hantsi, bayan direba ya kira wani a Sheme ya ji hanya lafiya. Ba wanda ya yi hira a motar sai da muka hau babban titi. Ni ina ta kallon duwatsu ta taga, sumul-sumul kamar an kife ƙwarya, wasu da manyan ƙwallaye a ɗore a kansu kamar wani ya ajiye zai dawo. Suna ɓarewa ne ɓawo-ɓawo kamar albasa, domin dutsen da ya saba da nauyin kilomitoci a kansa, in aka sauke masa kayan sai ya saki jiki ya tsage. Gonakin auduga sun yi fari, ana ta ɗaure buhunan masara da waken suya a bakin hanya.

Bayan an shafa fatiha aka zaunar da ni kusa da kakan amarya, tsoho tukuf amma kunnensa garau. Da ya ji ina maganar Jos sai ya gyara zama. Ya ce mahaifinsa yana cikin waɗanda aka kwasa ɗiban gwamna lokacin yaƙin Hitila, aka kai su haƙar kuza, sanyin Jos ya kashe abokan tafiyarsa da dama, shi ya dawo da tari bai rabu da shi ba har ya rasu. Tsakanin 1942 da 1944 aka yi wannan, bayan Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa inda za ta samu kuza. Na ce masa, "Baba, kun san kuzar nan daga ina ta fito?" Na ba shi labarin zobban. Lokacin da gindin duwatsun ke hucewa, ruwan zafi mai ɗauke da ƙarafa ya bi tsagogi ya zube kayansa, daga baya zaizaya ta wanko su cikin rafuka. Tun kafin Turawa maƙeran Riruwai ke narka kuza suna zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake na kai ta kasuwar Kano. Bin sawun waɗannan tsinkayen ne ya kai Turawa tudun Jos a farkon ƙarni na 20.

Tsohon ya ce, "Ashe toka uban nawa ya je tonowa." Ban gyara masa ba.

Na so in hau dutse ɗaya in ɗebo samfuri. Abokina ya riƙe mini hannun riga ya ce ba a gidansa ba, ba yau ba. A da mutanen ƙasar nan kan duwatsu suke gudu in mahara sun taso. Yanzu mai hankali ba ya hawa, kar a hango shi, ko a ce leƙen asiri yake wa wasu.

Lahadi, 4 ga Disamba. Sabuwa.

Daga Faskari na zagaya ta Funtuwa da Dandume don yin ta'aziyyar surukin ƙanena. Shingayen bincike ban ƙirga ba. Nan ƙasa ta fi ja, itatuwa sun fi tsayi, ana jin an kusa dajin Birnin Gwari.

A wurin zaman makoki wani saurayi da ya yi aikin haƙar zinari ya ji an ce malamin duwatsu ya zo, wai ni. Ya jawo ni gefe ya kwance ƙullin leda. Dutse ne fari da ɗigo-ɗigon rawaya mai ƙyalli. Na karce da wuƙa, ya ƙi yankuwa, sai ya yi gari baƙi. Na ce masa ka yi haƙuri, zinari laushi gare shi, wannan ƙarfe ne da farar wuta. Ya ce ya sani, gwada ni yake. Muka yi dariya a hankali, saboda wurin da muke.

Amma dutse na biyu da ya nuna mini shi ya biya kuɗin motata. Baƙi ne mai ɗan kore, mai nauyi, ya ce daga ramin da suke aiki ta wajen Birnin Gwari ya ɗauko. Daga nan zuwa Maru da Anka akwai ɗamarar duwatsu masu falle-falle kamar littafi, laka da yashin tsofaffin kwaruruka ne da karon nan ya matse ya gasa. A tsakaninsu ake samun irin wannan baƙin, wanda masana ke cewa asalinsa narkakken dutse ne irin na Hawai, matsi da zafi suka sauya masa kama. In haka ne, abin da yaron nan ya ƙulle a leda shi ne mafi kusa da aman wuta da zan taɓa riƙewa a yankinmu, kuma ya girmi duk zobban Azbin. Zinarin da suke bi yana cikin jijiyoyin farar ƙanƙara da suka ratsa waɗannan duwatsu. A wasu wuraren tare da dalma yake zuwa. Na tuna masa da 2010, da yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana daka dutsen a tsakar gida. Ya ce yanzu ba dalma ke korar mutane daga ramin ba.

Ya ba ni baƙin dutsen kyauta. Na fito kafin la'asar, don direba ya ce ba zai kai magariba a hanya ba ko nawa za a ba shi.

Talata, 6 ga Disamba. Ƙanƙara.

Na share tsakiyar aji na zana taswira da alli a ƙasa, Agadas wajen allo, Nasarawa wajen ƙofa. Na tsayar da yara shida a kan layi, kowa da takardar shekarunsa. Na ajiye ɓallin dutsenmu da dunƙulen farar ƙasa da baƙin dutsen Sabuwa a gefen yamma, wajen taga, inda muke. 'Yar telan ta ce to mu ba a ɗinka da mu ba ke nan. Na ce mu ne yadin.

Littafin da muke koyarwa da shi yana da hoton dutsen Italiya da na Japan. Babu Riruwai, babu Biu, babu Kerang ta Filato, inda ruwan Swan da muke saye a gora ke ɓuɓɓugowa daga gindin matattun duwatsun wuta. Yaro zai gama sakandare ya san sunan Fuji, bai san jihar Kano tana zaune da gindin irinsa ba.

Maroko ta fitar da Sifen a bugun fenareti. Ba a yi barci da wuri ba.

Lahadi, 11 ga Disamba.

Yau shekara biyu cif da daren da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta garin nan, su 344 da aka sako bayan kwana shida. Ban fita ba. Na duba takardar da na rubuta ranar Alhamis ta neman izinin kai yara su ga duwatsu, na ninke ta na mayar cikin littafi. Ba zan kai wa kowa ba. In ni ne uba aka kawo mini ita ba zan sa hannu ba.

Laraba, 14 ga Disamba.

Masu lura da duwatsun Hawai sun sanar cewa Mauna Loa ya yi shiru. Kogin wutar ya tsaya saura ƙasa da kilomita 3 ya kai babban titin da ya ratsa tsibirin, bai ci gida ko ɗaya ba. Ɗan yayata ya riga ya manta, hankalinsa na kan Maroko da Faransa yau da dare. Na dai tare shi na ba shi amsarsa cikakkiya, kwana 16 bayan ya yi tambayar, ya ce to, ya wuce.

Na sa kafinta ya buga mini akwatin katako mai gida goma sha biyu. Uku sun cika. Tunda yara ba za su je wurin duwatsu ba, sai duwatsun su zo aji. Direban da ke lodin Doguwa ko Ningi, da ɗan kasuwar da ke zuwa Damagaram ko Agadas, da malamin da aka tura aiki Biu ko Kerang: in Allah ya kai ka, ka tsinto mini ɓalli ɗaya kamar girman ƙwan kaza, wanda aka fasa sabo, ban da wanda rana ta daɗe tana duka. Ka rubuta sunan wurin a takarda ka ƙulle su tare a leda, ka bayar a tashar Ƙanƙara a ce a kai wa malamin nan mai guduma. Kuɗin mota ni zan biya.